Otal ɗin Shiru a Layinmu

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Madina ya san Abdussamad, don ko ba ka gan shi ba za ka ji shi. In ya yi sallama a bakin layi, na ƙarshen layi ne ke amsawa. Shi ne kuma ya tashi wata rana ya ce zai koya mana shiru.

Walid ne ya ja mana, ɗan yayarsa Hajiya Huda, mai aiki a matatar mai a Yanbu. Ya kama wa kansa da matarsa ɗaki a wani ɗan ƙaramin otal na masu hannu da shuni a wani tsibirin Girka, sai wurin aiki suka soke masa hutu. Maimakon ɗakin ya tafi a banza, ya ce kawunsa ya je da matarsa Zinariya su huta. 'Yan kwanaki suka yi suka dawo, mu kuwa har yau ba mu gama jin labarin ba.

Kullum bayan la'asar yana ƙofar gidan Sa'id, maƙwabcinsa kuma abokin musunsa tun suna yara.

"Ya Sa'id, kai ba ka san duniya ba," in ji shi. "Ɗakuna ba su kai goma ba. Komai fari, ƙofa shuɗiya. Ba ka jin komai sai teku. Ma'aikata ba sa magana, hannu kawai suke sawa a ƙirji su rusuna. Ni da na shiga, mai otal ɗin da kansa ya ce bai taɓa ganin baƙo mai natsuwa irina ba."

"Da wane yare ya faɗa maka?" in ji Sa'id.

"Da ido. Manya da ido suke magana."

Ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanina da Zinariya, don haka na ji ɗaya ɓangaren. Ta ce tun ranar farko ya tsaya a baranda yana kiran mutanen Madina ta bidiyo yana nuna musu teku, har wata baiwar Allah ta fito daga ɗakin kusa ta ɗora yatsa a baki. Da aka kawo abincin dare, ɗan yankan kifi da ganye biyu a tsakiyar ƙaton faranti, ya zaci ɗanɗano ne, ya zauna yana jiran na gaske har aka kwashe tebur. Daga nan ya koma cin kilishin da ta ɓoye a jaka, a banɗaki, ƙofa a rufe. Barci kuwa bai iya ba sai da ya kunna sharhin ƙwallo a waya ya sa ƙarƙashin matashi.

"Shirun nan tsoro yake ba shi, Mariyamu," ta ce da ni. "Amma ki ji shi yanzu."

Gidansu na gado ne. Mahaifinsu, marigayi Malam Ubaidullah, ya ware hawa na sama don baƙi. Duk ɗan uwa ko ɗan garinsu da ya zo ziyara daga Kano ko Damagaram, nan yake sauka, ya ci ya sha, ba a tambayarsa komai. Tun rasuwar tsohon baƙin suka ragu, ɗakunan suka koma wurin ajiye tsofaffin katifu. Wannan hawan Abdussamad ya sa wa ido. Sai dai ba shi da ikon taɓa shi sai da yardar Hajiya Huda, don ita ce babba, ita ce kuma ta goya shi.

Ya kira ta a waya can Yanbu inda take zaune, Zinariya ce ta ba ni labarin daga baya.

"Yaya, otal zan yi. Otal ɗin shiru, irin na Girka. Babu irinsa a Madina."

"Samadu, kai da shiru?"

"Wallahi Yaya na canza."

"Tayyib, na ji," ta ce. "Zan zo in kwana da kaina. In na samu shirun da kake faɗa, daga shigata har safiya, sama taka ce. In kuwa na ji hayaniya, ɗakunan Baba su koma na baƙi, kada ka ƙara ɗago mini zancen."

Washegari ya ɗauko Badaru, mutumin Chadi mai fenti, da abokinsa Tahir, mutumin Sudan. Suka shafe gidan fari tas, ƙofa da tagogi shuɗi. Sa'id ya fito sallar azahar ya jingina da ƙofar yana jiran Abdussamad, ya tafi masallaci da zanen ƙofa a bayan farar rigarsa.

"Wa zai wanke mini wannan?" ya ce da ya dawo.

"Kada ka wanke. A Girka launin manya ne."

Matsalar farko ita ce Madina ba ta da teku. Abdussamad ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya sayo kwamin roba irin wanda yara ke wanka a ciki, ya hura shi a kan rufin gida, ya cika shi da ruwa, ya sa kujera a gefe. Kafin magariba rana ta dafa ruwan har ana iya haɗa shayi da shi. Da safe roba ta fashe, tekun ya bi matattakala ya sauko, ya shiga kicin ya samu Zinariya tana tankaɗe.

"Malam, ga Girka ta sauko," ta ce. "Ka zo ka kwashe abinka."

Bai karaya ba. Ya ce ai ba ganin teku ne abin ba, jin sa ne. Ya ɗaura lasifika a kan rufi tana fitar da ƙarar igiyar ruwa. Sa'id ya ji shuuu, shuuu ba ƙaƙƙautawa, ya ce tankinsa ne ya fashe. Ya kashe ruwan gidansa, ya kira mai gyaran famfo, suka fasa masa bangon banɗaki suna neman inda yake zuba. Da suka gano lasifikar, muryar Sa'id har bakin titi.

"Ya sheikh, teku a Madina? Ka fasa mini bango!"

"Ni na fasa? Kunnenka ne bai waye ba."

Sai ya shiga bin gida-gida yana roƙon a yi shiru ranar Alhamis, ranar da Hajiya za ta zo. Ya ce wa mai kawo tukunyar gas ya daina buga ƙarfe. Ya ce in rufe tantabaruna. Ya ce wa Sa'id ya kalli ƙwallo ba murya. Duk wannan da ihu yake faɗa, don ba shi da wata muryar. Har wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, in ka koma gida shirun zai samu." Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne dalilin shirun, wai kada a sace masa dabara. Mun dai san yana gyaran sama, mun san Hajiya za ta zo, shi ke nan.

Ranar Laraba ya tuna wani abu. A otal ɗin can, da yamma ana jera kujeru a lungu, a kunna 'yan fitilu, baƙi su zauna tsit suna kallon faɗuwar rana. Ya tafi shagon masu ba da hayar kujeru.

"Biki ne?" in ji mai shago.

"Wane irin biki? Ba kiɗa, ba launi, ba hayaniya. Kujeru a jere a ƙofar gida, fitilu farare a igiya, da gahawa. Mutane su zauna shiru daga magariba zuwa isha."

Mai shago ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gane. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin," in ji Abdussamad. "Aikin nan sai da haƙuri."

A nan ne nake jin haushinsa har yau. An haife shi a garin nan, ya yi furfura a garin nan. Yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san cewa in ka ga kujeru a jere a titi suna fuskantar juna, ga fitilu farare a sama bayan magariba, to aza ce, zaman makoki, an yi rashi a gidan. Amma shi idonsa na Girka.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsayar da Badaru da Tahir, ya sa musu fararen kaya, ya koya musu sa hannu a ƙirji da rusunawa.

"Ku rantse da Allah ba za ku furta kalma ko ɗaya ba sai na dawo."

"Ya Hajji, in wani ya tambaye mu fa?" in ji Tahir.

"Hannu a ƙirji, ka rusuna, ka zuba masa gahawa. Ku rantse."

Suka rantse. Ya ɗauko ƙaton hotonsa da ya ɗauka a tsibirin, yana kallon nesa kamar mai tunanin lahira, ya kafa a bakin ƙofa, ya kewaye shi da fararen furanni, wai a san mai otal. Ya sa turaren wuta. Sannan ya ɗauki Zinariya a mota suka nufi Yanbu ɗauko Hajiya.

Zinariya ta ce Hajiya na shiga mota ya miƙo kwando.

"Yaya, jawwal ɗinki. Otal ɗin daga mota yake farawa."

Ya karɓe wayarta da ta Zinariya da tasa, ya kashe su, ya jefa a but. Daga nan har Madina bai rufe baki ba, yana yi musu bayanin amfanin shiru.

Mu kuma a nan, bayan la'asar motar masu kujeru ta zo. Suka shimfiɗa darduma a titi, suka jera kujeru, suka ɗaura fitilu. Ana idar da magariba fitilu suka kama. Sa'id ne ya fara isowa daga masallaci. Ya ga kujeru, ya ga mutum biyu cikin farare a jere a bakin ƙofa, inda masu karɓar gaisuwa ke tsayawa. Ya ga hoto da furanni.

"Badaru, lafiya? Wa ya rasu?"

Badaru ya sa hannu a ƙirji ya rusuna.

"Ina Abdussamad?"

Tahir ya ga abin zai ɓaci, ya shiga girgiza kai da ƙarfi yana nuna hoton, wai yana nufin mai gidan lafiyarsa ƙalau. Ga hayaƙin turare ya cika masa ido, hawaye na zuba. Sa'id ya dubi hoton, ya dubi hawayen, ya zube a kujera yana salati.

Aka kira wayar Abdussamad, a kashe. Ta Zinariya, a kashe. Ta Hajiya Huda, a kashe. Aka nemi Walid, yana bakin aiki inda ba a shiga da waya. Wani dattijo ya ce shi dama jikinsa ya ba shi, don da la'asar a Masallacin Harami an kira sallar gawa, kuma kowa ya san ba a faɗar suna.

"Ashe shi na yi wa salla ban sani ba," ya ce. "Allahu akbar. An kai shi maƙabartar Baƙi'a ke nan."

Wata ta ce ai shi ya sa ya bi gida-gida yana roƙon a yi shiru ranar Alhamis, an nuna masa ne. Wata ta ce Zinariya ta suma an kai ta asibiti. Ban san wanda ya gani ba, amma kafin a jima har an samu wadda ta taimaka aka sa ta a mota.

Ni kuwa na yi kuka, kuka na gaske, na kuma ɗora babbar tukunya, don gidan rashi ba sa hura wuta, maƙwabta ke ciyar da su. Kajin da na ajiye wa baƙina na Juma'a duk na juye su a shinkafar nan. Mata muka shige ciki ta ƙofar baya, muka cika falo muka hau sama. Ɗakunan nan farare da ya gyara wa Hajiya, mai gado da farin zani da fure ɗaya a kwalba, suka cika da tsofaffi da jikoki da tire-tiren abinci. Wani yaro ya cinye zaitun ɗin da aka jera wa Hajiya a faranti, ya tofar da ƙwallayen a kwalbar fure. Wata ta lalubo lasifikar teku ta kashe, ta ce ba a kiɗa a gidan makoki.

A waje kujeru suka ƙare, aka ɗebo na maƙwabta. Mutanen Kano, mutanen Nijar, 'yan Sudan, 'yan Chadi, direbobin filin jirgi da ya yi aiki da su, kowa ya zo ya dafa kafaɗar Badaru ya yi masa ta'aziyya. Badaru na rusunawa, gumi na zuba. Rantsuwa ta ɗaure shi.

Ana cikin haka motarsu ta shigo layi. Ba wurin wucewa, dole ya tsaya nesa kaɗan, bayan wata babbar mota. Zinariya ta ce da ya hango taron sai ya washe baki.

"Yaya, kin gani? Ko talla ban yi ba."

Hajiya Huda ta dubi kujeru, ta dubi fitilu, ta hango hoton. Ta juyo ta dubi ƙanenta daga sama har ƙasa.

"Samadu, wa ya ce ka jera kujerun nan haka?"

"Tsarin Girka ne."

"Kashe motar. Sauke gilashi kaɗan. Kada ka motsa."

Wasu maza na tsaye a gefen babbar motar suna shan gahawa, ba su lura da su ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji ɗaya. "Ba shi da mugunta."

"Ko kaɗan. Sai dai ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, ƙari ne. In ya ga kyanwa sai ya ce zaki."

"Layin nan zai yi shiru yanzu."

"Ai shi ya nema, ga shi ya samu."

Abdussamad ya kai hannu zai buɗe ƙofa, Hajiya ta buge hannun. Sai ga muryar Sa'id. Yana faɗa wa mutane cewa tun suna yara suke faɗa, bai taɓa yarda da maganarsa ko ɗaya ba, amma ranar da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo Abdussamad ne ya yi ta jigilarsu asibiti bai taɓa gajiya ba.

"Bangon da ya sa na fasa ma na yafe masa," in ji Sa'id. "Duniya da lahira."

Wannan ce Abdussamad bai iya haɗiyewa ba. Ya banko ƙofa ya fito cikin farar rigarsa, fitilu na haska shi, ya daka tsawar da muka sani.

"Ni na sa ka fasa? Kunnenka ne bai waye ba!"

Ina taga a sama, da idona na gani. Dattijon da ya yi masa salla ya bar takalmansa a wurin. Kujeru suka kife, butar gahawa ta yi sama, wani direba ya haye bayan babbar motar yana a'uziyya. Yara suka fashe da kuka, mata muka yo ƙasa muna ture juna a matattakala, tiren shinkafata ya bi ta kan farin zanin gado. Badaru ya ga rantsuwa ta sauka, ya buɗe baki da ihun da ya tara tun hantsi.

"Bai mutu ba! Wallahi bai mutu ba! Otal ne! Otal ne!"

Sa'id kaɗai bai gudu ba. Ya tako a hankali, ya taɓa kafaɗar Abdussamad, ya matsa ya ji nama ne. Sannan ya share hawayensa da gefen rawaninsa.

"Na janye yafiyar," ya ce. "Gobe ka turo mai gini."

"Ka yafe a gaban shaidu!"

"Mamaci na yafe wa. Kai kuwa ga ka nan kana ihu."

Hajiya Huda ta fito daga mota tana dogara sanda. Ta bi taron da kallo, ta ɗaga kai ta ga tagogin sama cike da fuskoki, ta ji ƙamshin shinkafa, ta ji Hausa iri-iri na tashi a ƙofar gidansu. Sai ga hawaye a idonta, na farko na gaskiya da dalili a wannan yammacin.

"Tun rasuwar Baba ban ga gidan nan haka ba," ta ce. "Jama'a, kada kowa ya tafi. Abinci ya riga ya dahu, a zauna a ci."

"Yaya, shirun fa?" in ji Abdussamad. "Ki ba ni gobe. Yau kuskuren ma'aikata ne."

"Khalas, shi ke nan, Samadu. Mun yi magana, kuma ka ji abin da kunnena ya ji. Sama ta koma ta baƙi. Fentin dai ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Akwai 'yan Damagaram da za su zo Umra wata mai zuwa, su za su fara kwana."

Aka tayar da kujeru aka ci abinci, ana dariya har ana ƙwarewa. Hajiya ta kwana a sama tare da tsofaffin ƙawayenta suna hira, ta ce ta daɗe ba ta yi barci mai daɗi haka ba. Zinariya ta ce shi ma ranar ya yi barci ba sharhin ƙwallo.

Washegari bayan la'asar na aika a karɓo mini tirena, sai na ji muryarsa a ƙofar Sa'id kamar ba abin da ya faru.

"Ku faɗi gaskiya, wane otal ne ya taɓa cika haka a ranar buɗewa? Ko na Girka bai tara rabin wannan ba. Kun ga direbobi? Kun ga 'yan Sudan? Ni mutum ne mai jama'a. Ranar da zaman makokina na gaske ya zo, sai an rufe titi."

Sa'id ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofi.

"Kada ka sa rai, ya sheikh," ya ce. "Sau ɗaya ake yi wa mutum, kuma mun riga mun zo."

Na leƙa ta katanga na ce, "Ni ma kajina sun tafi. Ranar sai dai a ci zaitun."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Shirun da aka yi ta nema a layinmu, ranar muka same shi, har tantabaruna ana jin kukansu.